Sawun Keke a Ƙofar Gidana

Akwai wani yammaci na damina da har yau bai fita daga raina ba, ko da yake dole in faɗa tun daga farko cewa shekaru sun yi nisa, kuma ba kowane abu zan iya rantsuwa a kansa ba. Wataƙila na sa maganar wani a bakin wani. Wataƙila abin da nake gani kamar a wuni ɗaya ya faru ya ɗauki fiye da haka. Sunayen ma na canja su, saboda mutanen suna da 'ya'ya da jikoki a garin nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da matasan da ke aikin ɗaukar ma'aikata yanzu suka yi mini a taron tsofaffin ma'aikata: idan mutum biyu suka zo neman aiki, ɗaya ya fi iya aikin, ɗaya ya fi kyan hali, wa za a ɗauka? A wurin na ce musu ya danganta. Suka yi dariya, don an san ni da wannan amsa. To, ga abin da ke bayanta.

Kafin mulkin kai ne, lokacin da ake ta ƙoƙarin sa 'yan Arewa a kujerun ofis. Na dawo daga karatu a Ingila da digiri, aka ba ni muƙamin mataimakin sakatare a wani sashe da ke kula da haƙar rijiyoyi a ƙauyuka, nan Kaduna. Sama da ni akwai Bature guda, wanda ma'aikata suke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Ƙasa da ni, a takarda dai, akwai babban akawu, Malam Barau, Bazazzagi, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ya san ofishin tun kafin in iya karatu.

Saboda muƙamina aka ba ni gida a gefen unguwar Turawa. Gida ne mai kyau, da baranda da itatuwan mangwaro, amma ba shi da zaure. Wanda bai zauna irin gidan ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Baƙo ba shi da inda zai tsaya ya yi sallama, ba shi da inda zai zauna ya jira, saboda haka baƙo ba ya zuwa. Matata kuwa tana Kano wurin iyayenta, ta tafi goyon ciki na fari. Turawa suna tafiya kulob da yamma, an ce ni ma ina iya zuwa, amma ba na shan abin da suke sha. Akawuna suna cin abincin rana a kwano ɗaya ƙarƙashin wata bishiya bayan ofis. Sau ɗaya na je zan zauna, duk suka miƙe tsaye, suka ƙi ci gaba da ci har sai da na tafi. Ban sake zuwa ba, don kada in riƙa sanyaya musu tuwo.

Mutum ɗaya ne yake magana da ni kamar ɗan Adam, shi ne Malam Barau. Ni Bakano ne, shi Bazazzagi, akwai wasa tsakaninmu tun kakanni, shi kuwa bai bar digirina ya hana shi ba. Kullum da safe zai leƙo ofishina ya ce, "Malam Digiri, bawana, an tashi lafiya? Yau me aka sayar a Kano, ko har yanzu ana ciniki?" Ni kuma in ce, "Ana jiran Zagezagi su kawo kuɗi." Ba wani babban abu ba ne, amma a yawancin ranaku wannan ce kaɗai dariyar da nake yi.

Sai aka sami gurbin akawu mai buga tafireta. Ya kamata in bayyana aikin, don a nan rigimar take. Wanda za a ɗauka zai riƙa buga wasiƙun da ake aikawa larduna, masu ɗauke da sunayen garuruwa da zurfin rijiyoyi, inda kuskure kaɗan kan sa a tura ma'aikata da kaya garin da ba shi ba. Sannan teburinsa ne na farko daga ƙofa. Duk dagacin da ya taso daga ƙauye yana neman rijiya, fuskar wannan akawu zai fara gani. Aikin yana son hannu, yana kuma son fuska.

Yadda ake yi a lokacin, ana liƙa sanarwa a allon ofis, masu nema su zo a gwada su a kan tafireta, Bature yana riƙe da agogo. Waɗanda suka yi fice su dawo washegari su gana da kwamitin mutum uku: Bature, da ni, da babban akawu. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, Bature ya sa hannu a kan wanda ya fi rinjaye. Bayan gwaji mutum biyu suka rage. Ɗaya Lawal, dogo, marar yawan magana, wanda ya yi aikin akawu a soja lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Ɗaya Isiyaku, ɗan wani malamin allo a Unguwar Sarki, wanda ya koyi bugu a wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa. Ba na tuna lissafin, amma ina tuna cewa Lawal ya gama shafinsa Isiyaku bai wuce rabi da yawa ba, kuma takardar Lawal ba ta da gyara. Ta Isiyaku ba ta yi muni ba. Ta mai koyo ce wanda zai iya nan gaba.

A ranar gwajin, bayan la'asar, an ɗauke ruwan sama, ina zaune a falo ni kaɗai ina duba wani fayil da ba ya bukatar dubawa, sai na ji sallama. Na ɗauka kunnena ne. Aka sake yi. Na fito, sai ga Isiyaku tsaye a bakin baranda, ya rasa inda zai tsaya. Na ce ya shigo. Ya tuɓe takalmansa a ƙofa, tsofaffin takalman fata, an ɗaure igiyar ɗaya da waya. Na nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa.

Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, na ce suna Kano goyon ciki. Ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya. Ashe Malam shi kaɗai yake a wannan babban gida?" Na ce haka ne. Ya ce, "Kai, da wuya." Iyakar abin da ya ce ke nan a kai, amma tun da na zo Kaduna ba wanda ya taɓa faɗa mini haka. Muka yi hira a kan ruwan bana, da karatun mahaifinsa, da wani malami na Kano da muka sani mu duka. Bai ambaci aiki ba ko sau ɗaya. Da ya tashi tafiya ya ajiye ɗan ƙunshin ganye a gefen tabarma, ya ce, "Ga goro, Malam." Na ce, "Haba, da ba ka wahalar da kanka ba." Ban mayar masa ba. Ban san yadda ake mayar wa mutum goro ba, har yau ma ban sani ba.

Na raka shi bakin hanya. Da na juyo, na ga sawun keke a cikin taɓo, ya zo har kusa da baranda, ya yi kwana, ya koma. Isiyaku a ƙafa ya zo. Na ce a raina mai tallar burodi ne, na shige ciki.

Sai damuwa ta fara. A dokar aiki da aka koya mana, duk ma'aikacin da mai neman aiki ya ba wata kyauta dole ya sanar da na gaba da shi. Dokar ba ta ce ban da goro ba. Na san gaisuwa ce, duk Bahaushe ya san gaisuwa ce. Amma na kuma san wani abu da ya fi tsorata ni: zuciyata ta riga ta karkata ga Isiyaku, kuma ban iya rabe ko halinsa na gani ko kuwa daɗin samun baƙo na ji. Mu 'yan kaɗan ne masu digiri a lokacin, ana kallonmu, ana jiran a ce ga shi nan, an ba su kujera sun fara. Da gari ya waye na sa ƙunshin a jakata.

Kafin a kira masu neman aiki, muna zaune mu uku, na fito da goron na ajiye a teburin Mai Lofe, na yi masa bayani da Turanci. Ina jin na ce ban ɗauke shi toshiya ba, amma na ga ya kamata a sani. Ina jin na faɗi haka har sau biyu.

Malam Barau ya dubi ƙunshin, ya dube ni. Ya ce da Hausa, a hankali, "Goro? Goro ka kawo ƙara?"

Mai Lofe yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya cire lofensa ya ce, "Malam Barau, kai ma ya je gidanka?"

Ya ce, "Ya je, ranka ya daɗe. Duk yaro mai tarbiyya yana zuwa. Nawa na riga na tauna, sai dai in a cikina za a bincika."

"Ɗayan fa?"

"Ɗayan bai san hanyar gidan kowa ba."

Aka kira Lawal. Ya shigo da takalmansa a ƙafa, kakinsa a goge, ya ƙame a gaban tebur, ya gai da Bature da Turanci, yana kallonsa cikin ido. Haka ya kalli Malam Barau, haka ya kalle ni. Amsoshinsa gajeru. Da aka tambaye shi ko zai iya aikin, ya ce zai iya. Malam Barau ya karkato wajena ya raɗa, "Wannan ko surukinsa haka yake kallo?"

Aka kira Isiyaku. Ya tuɓe takalma a ƙofa, ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar ya yarda ya zauna a bakin kujera, idonsa a ƙasa. Da aka tambaye shi ko zai iya aikin, ya ce in Allah ya yarda zai yi ƙoƙari. Sai Mai Lofe ya tura ƙunshin ganyen gabansa da bakin lofe, ya ce, "Me ya sa ka kai wannan gidan wannan Malam?"

Ban yi zaton zai tambaye shi ba. Isiyaku ya ɗago kai, shi ne karo na farko a ranar, ya dube ni, ya mayar da idonsa ƙasa. Ya ce, "Gaisuwa na je, ranka ya daɗe." Bai ƙara ba.

Da suka fita, Mai Lofe ya ce shi Lawal ya zaɓa. Ya ce ba don bugu kaɗai ba. Ya ce mutumin da yake kallonka cikin ido, wanda bai bi ta bayan gida neman alfarma ba, shi ne mutumin da za a amince wa. Bugu ana koya wa kowa, in ji shi, amma tsayuwa a kan gaskiya ba a koyar da ita.

Malam Barau ya ce shi ma ya yarda bugu ana koya wa kowa, shi ya sa ya zaɓi Isiyaku. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tafireta ba ta amsa sallama. Dattijo zai taso daga ƙauye, ya kwana a hanya, mutanensa suna shan ruwan kududdufi, ya shigo nan ya tarar da sandar soja a ƙofa. Yaron da bai iya zuwa ya gai da na gaba da shi ba, yaya zai karɓi na ƙasa da shi?"

Abin lura, babu wanda ya tsaya a kan iya aiki. Su duka biyu hali suke aunawa, kuma da abu guda suke aunawa, wato zuwa gaisuwa. Ɗaya ya ga rashin zuwan shi ne gaskiya, ɗaya ya ga shi ne girman kai. Suka juyo gare ni.

Na ce ni ban san halin kowa a cikinsu ba, jiya na fara ganinsu. Na ce abin da kawai zan iya nuna wa wani in ya tambaye ni dalili shi ne takardun gwajin nan biyu. Na zaɓi Lawal. Mai Lofe ya sa hannu. Malam Barau ya tattara fayilolinsa, ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe."

Bai taɓa ce mini ranka ya daɗe ba sai ran nan. Daga ranar kuma bai sake ce mini komai ba sai shi. Ba Malam Digiri, ba bawana, ba cinikin Kano. Zai shigo, ya gaishe ni cikin ladabi cikakke, ya ajiye fayil, ya fita. Na sha zagi a rayuwar aiki daga baya, amma ban ji wanda ya kai wannan ladabin zafi ba. Labari ya bazu har Unguwar Sarki, cewa Bakanon nan ya karɓi goron ɗan malam ya kai wa Bature. Da aka yi wa Malam Barau jika, aka raba goron suna a ofis kamar yadda aka saba. Masinja ya kawo nawa, ya ajiye, ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Malam ya ce in faɗa maka wannan na suna ne, ba sai an kai wa Bature ba."

Lawal kuwa ya kama aiki. Ba zan ce mun yi daidai ba, ba zan ce mun yi kuskure ba. Wasiƙunsa ba su taɓa dawowa daga lardi ba, ba a taɓa tura kaya garin da ba shi ba ta dalilinsa. Amma abin da Malam Barau ya hango ya faru fiye da sau ɗaya. Na tuna wani dagaci mai furfura da Lawal ya ce wa ya jira a waje, haka kawai, ba gaisuwa, ba tabarma, sai da na fita da kaina na ba shi haƙuri. Akawuna ba su taɓa kiran Lawal kwanonsu ba. A teburinsa yake cin abincinsa, ni kuma a nawa, tsakaninmu bangon katako ne kawai, har ina jin ƙarar cokalinsa. Sau da yawa na yi niyyar in ce ya shigo mu ci tare. Sai in tuna za a ce dama akwai wata a ƙasa. Haka muka zauna har damina ta zagayo, ta sake zagayowa.

Sai aka yi wa Lawal canjin wurin aiki zuwa wani lardi mai nisa. Ana gobe zai tafi, da la'asar, na ji sallama a gidana. Lokacin matata ta dawo da yaro, amma baƙi har yanzu ba su cika zuwa ba. Na fito na ga Lawal ya jingine kekensa a jikin mangwaro. Abin da ya fara ba ni mamaki, ya sunkuya ya kwance takalmansa ya ajiye a ƙofa. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma. Bayan mun gaisa ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙunshin ganye.

Ya ce, "Malam, wannan ba na neman aiki ba ne. Aiki na riga na samu."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Ya ce, "Zuwana na biyu ke nan ƙofar nan."

Na ce, "Na biyu? Yaushe ka taɓa zuwa?"

Ya ce, "Ranar gwaji. Na sayi goro a kasuwa, na ce in fara da kai tunda kai ne babba, in wuce gidan Malam Barau. Na zo har nan, sai na ga takalman yaron nan a ƙofa, masu waya. Na gane su, tare muka wuni a benci. Na ce ba zan shiga a kan mutum yana neman nasa ba. Na juya. Ina tafe ina jin kunya, na ce ai an gama, shi za a ba. Ban ma iya zuwa gidan Malam Barau ba. Goron uwata na kai wa."

Na tambaye shi, to tsayuwar nan da takalmi da kallon ido fa? Ya ce a soja ranar da ya fara durƙusa wa hafsa sai da aka sa shi gudu da kaya a ka. Tun daga nan in ya shiga ofis jikinsa ƙamewa yake yi, ko yana so ko ba ya so.

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

Ya ce, "Wa zan faɗa wa, Malam? Bature ya ɗauke ni don ban je ba. Malam Barau ya ƙi ni don ban je ba. In na ce na je, na rasa na Bature, kuma ba lalle in sami na Malam Barau ba."

Na kwance ganyen, na ɓare goro guda, na miƙa masa rabi, muka zauna muna taunawa har aka kira magariba.

Ban gaya wa Malam Barau ba. Na ga sirrin Lawal ne, ba nawa ba, ko da yake wani lokaci ina tunanin da na faɗa wataƙila da wasanmu ya dawo. Ya yi ritaya yana ce mini ranka ya daɗe. Isiyaku kuwa ya sami aiki a wani kantin saye da sayarwa, na ji an ce ya yi suna wajen iya zama da jama'a. Mun sha haɗuwa a masallacin Juma'a. Duk sanda ya gan ni sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, alhali ba ni da sauran abin da zan ba shi. Daga nan na fahimci ranar ma gaisuwar ya je, kamar yadda ya faɗa.

Saboda haka, ku masu wannan aiki yanzu, ba na cewa ku bar duba hali. Aikin da yake son fuska, dole a duba fuska. Abin da nake cewa, in na yi daidai, shi ne iya aiki ana gane shi a safiya ɗaya, hali kuwa ba na jin ana gane shi haka. Mu uku muka zauna, dattijo da Bature da mai digiri, muka yi gardama a kan halin mutum biyu, kowa yana ganin ya karanta su sarai. Ashe su biyun goro suka saya a kasuwa ɗaya, suka nufi gida ɗaya da niyya ɗaya. Abin da muka auna ranar shi ne wanda ya riga isowa.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. In akwai wanda ya yi aiki a ofishin a lokacin, ko wani daga iyalan mutanen nan da ya gane su duk da canjin suna, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, zan karɓa da godiya. Musamman ina son in ji daga gidan Isiyaku, ko ya taɓa faɗa musu cewa ranar, muna cikin hira, ya ji ƙarar keke a waje. Shi ne yake zaune kusa da ƙofa. Ni ban ji komai ba.